Yadda Ake Karɓo Kuɗin da Banki Ya Zaftare Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Duk mai asusun banki a Najeriya ya san irin alat ɗin nan da ke faɗowa ƙarshen wata, wani lokaci cikin tsakar dare: an cire naira 53 da kwabo 75, an cire naira 400 da 'yan kai, an cire naira 1,075. Sai mutum ya duba, ya ja tsaki, ya mayar da waya aljihu. Kuɗin bai kai a rufe shago a hau adaidaita a je a bi layi dominsa ba, shi ya sa ake shekara da shekaru ana cira ba wanda ya tanka. Wani cajin haƙƙin banki ne, ƙa'ida ta ba shi. Wani harajin gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Amma akwai wanda ba shi da tushe ko kaɗan, akwai kuma mai tushe da aka wuce gona da iri wajen cirarsa, kuma waɗannan ana dawo da su.

Faɗa a gaban kanta ba ya dawo da ko kwabo. Abin da ke dawo da kuɗi shi ne rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da lissafi, da lambar da banki zai ba ka a matsayin shaidar ya karɓa. Wanda ya riƙe waɗannan biyun, Babban Bankin Najeriya, wato CBN, zai saurare shi. Wanda bai riƙe su ba, ko wata guda ya yi yana sintiri, "a yi haƙuri, ana dubawa" kawai zai yi ta ji.

Fara da takardar bayanin asusu

Alat kaɗai bai isa hujja ba. Wani cajin ba ya zuwa da alat, wani kuma a dunƙule yake zuwa ba bayani. Abin da kake buƙata shi ne sitatimen, takardar da ke jera duk abin da ya shiga asusunka da abin da ya fita, da rana da dalili. Ta wata-wata kyauta ce, kuma wajibi ne banki ya ba ka. Yawanci ta imel suke turawa. A manhajar yawancin bankuna ma kana iya zaɓar daga rana kaza zuwa rana kaza a turo maka nan take. In ka je reshe ka ce a buga maka a takarda, jadawalin CBN na 2020 ya ce kada a karɓi fiye da naira 20 a kowane shafi. Ɗan kasuwar da asusunsa ba ya kwana bai motsa ba, shafukan shekara ɗaya za su yi masa yawa, gara ya karɓa ta imel ya buga waɗanda yake buƙata a shagon kwamfuta.

Kada ka ce sai ka tono tarihin asusun tun ranar da ka buɗe shi, gajiya za ka yi ka watsar. Ɗauki na wata shida ko na shekara guda. In ka ga wani caji yana maimaituwa a inda bai dace ba, sannan ka koma baya ka bi sawunsa. Iyakarka shekara shida: tun 2015 CBN ya ƙayyade cewa ƙorafin da ya wuce shekara shida daga ranar da abin ya faru ba a saurarensa, sai irin na zamba. Ma'ana, duk watan da ya wuce kana shiru, akwai wani tsohon wata da ke suɓuce maka.

Rarrabe abin da aka cire

Nan ne aikin yake, nan ne kuma mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Sai mutum ya tattara duk abin da aka taɓa cire masa, har da harajin gwamnati, ya ce a biya shi. Banki ya nuna masa cewa bakwai cikin goma na abin da ya lissafa daidai ne, shi ke nan gwiwarsa ta yi sanyi, sauran ukun da yake da gaskiya a kansu su bi ruwa. Ka nemi abin da kake da hujja a kansa kawai, komai ƙanƙantarsa.

Ma'aunin shi ne jadawalin caji na CBN da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, tare da takardun umarni da suka riƙa yi masa gyara daga baya. Yana nan a shafin intanet na CBN, kowa na iya saukewa, kuma ka tabbata na baya-bayan nan ka duba, don ana sabuntawa. Kowane caji ana auna shi ne da ƙa'idar da ke aiki ranar da aka cire shi. Manyan bankuna, ƙananan bankunan unguwa, kamfanonin da ke hada-hadar kuɗi ta waya, da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, duk CBN ne ke sa musu ido, hanyar ƙorafi kuma ɗaya ce.

Kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki, jadawalin 2020 ya kasa shi uku: naira 10 in kuɗin bai wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 in ya haura haka. A kai akwai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Shi ya sa kake ganin 10.75, da 26.88, da 53.75. Abin lura, VAT a kan cajin yake hawa, ba a kan kuɗin da ka tura ba.

Naira 50 ɗin nan da ake cira idan kuɗi ya kai 10,000 ko fiye, wadda za ka ga an rubuta EMTL ko Stamp Duty a gabanta, ta gwamnati ce. Shekarun baya mai karɓa ake cire wa. Daga 1 ga Janairu, 2026 nauyin ya koma kan mai turawa. Ba a dawo da ita sai in an cire ta a inda ba ta hau ba: kuɗin bai kai 10,000 ba, ko an cire sau biyu a kan tura ɗaya, ko kuwa daga asusunka ka mayar da kuɗi wani asusun naka a banki ɗaya.

Sai kuɗin kula da kati. A jadawalin 2020, mai asusun ajiya, wato sebin, naira 50 ce duk wata uku, da VAT 53.75, naira 215 ke nan a shekara. In ana cire maka kowane wata, naira 645 ake karɓa a shekara, 430 daga ciki naka ne. Mai asusun karent kuwa jadawalin 2020 ya ɗauke masa wannan caji gaba ɗaya. Sabon kati a jadawalin 2020 naira 1,000 ne, da VAT 1,075, sau ɗaya. In ka ga an cire kuɗin katin da ba ka nema ba kuma ba ka karɓa ba, ka ja layi a ƙarƙashinsa.

Kuɗin kula da asusu, wanda ake rubuta CAMF ko Account Maintenance, shi ne ya fi cin 'yan kasuwa, don haka a tsaya a kansa. Ya zo ne a 2016 bayan an soke tsohon cajin COT. A kan asusun karent kaɗai yake hawa, asusun ajiya ba ruwansa da shi. Iyakarsa a jadawalin 2020 naira ɗaya a kan kowace naira 1,000 da kai da kanka ka fitar zuwa ga wani, ko zuwa asusunka na wani banki. Kuɗin da ya shigo ba ya cikin lissafi, haka ma abin da banki ya cire da kansa. Kuma naira ɗayan nan ƙololuwa ce, ana iya ciniki a rage. Mai sayar da hatsi a Dawanau ko atamfa a Kantin Kwari da miliyoyi ke ratsa asusunsa yana da bakin da zai zauna da manaja ya nemi ragi, sai dai ya tabbata an rubuta yarjejeniyar, don ta baki ba ta da amfani ranar da aka canza manaja.

Kuɗin alat na saƙon waya ya daɗe a naira 4, ya koma naira 6 daga Mayun 2025 bayan ƙarin da kamfanonin waya suka yi. A kan hada-hadar da ta fito daga ɓangarenka ake biyansa. Saƙon da banki ya aiko yana sanar da kai cewa ya cire cajinsa, ko yana taya ka murnar sallah, ko yana tallata maka sabon tsari, bai kamata ya shiga lissafi ba. Ƙirga hada-hadarka ta wata ɗaya a sitatimen, ka ninka da shida, ka gwada da abin da aka cire. Alat na imel kyauta ne.

Na'urar ATM ta ga canje-canje, shi ya sa rana take da muhimmanci. Daga 2020 zuwa ƙarshen Fabrairun 2025, in ka cire kuɗi a na'urar wani banki, uku na farko a wata kyauta ne, daga na huɗu naira 35. Daga 1 ga Maris, 2025 aka soke ukun kyautar: naira 100 a kan kowace 20,000 in na'urar tana harabar banki, in kuma a waje take, kamar a kanti ko gidan mai, ana iya ƙara har naira 500 a kai, kuma sai an nuna maka ƙarin kafin ka cira. Na'urar bankinka kyauta ce har yanzu. CBN ya kuma ce bankin da ya tilasta wa mutum cirar ƙasa da 20,000 a kowane zubi, alhali yana da kuɗi kuma yana son fiye da haka, ya saɓa. Dalili a fili yake: a sa ka cira sau huɗu, a karɓi ɗari huɗu maimakon ɗari.

Kuɗin lambobin nan da ake dannawa da tauraro, wato USSD, naira 6 da kwabo 98 ne, kuma tun tsakiyar 2025 aka fara mayar da cirarsa kan katin waya. In ka ga ana cira a katin waya kuma ana cira a asusu a kan abu ɗaya, wannan ma abin nema ne. Rufe asusu kyauta ne, farfaɗo da asusun da ya daɗe bai motsa ba shi ma kyauta ne.

Akwai abubuwa uku da suke kama da cajin banki amma ba shi ba ne. Abin da mai POS ya karɓa a hannunka ladansa ne, tsakaninka da shi. Kuɗin da wani shafin intanet ko manhaja ke ja kowane wata don ka taɓa sa lambar katinka, can za ka je ka soke, ko ka sa a toshe katin. Na uku shi ne tsarin GSI da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ya ba bankin da ke binka bashi damar ɗiba daga asusunka na wani banki ta hanyar BVN. In ba a binka, ko ka riga ka biya, wannan babban ƙorafi ne mai zaman kansa, kada ka cusa shi cikin na ƙananan caji.

Yi lissafi a takarda

Ja layuka biyar a takarda: rana, sunan cajin kamar yadda yake a sitatimen, abin da aka cire, abin da ya kamata a cire, da bambancin. Misali, mai asusun karent da ya fitar da naira miliyan 2 zuwa ga masu kawo masa kaya a wata ɗaya. Ƙololuwar kuɗin kula da asusunsa naira 2,000 ce, VAT 150, jimla 2,150. In an cire 3,500, rarar 1,350 ce. A wata ɗaya ba ta tayar da hankali, amma in haka ake yi shekara biyu, naira 32,400 ke nan. Kowane layi ka sa masa alama da biro a kwafin sitatimen ɗin, yadda duk wanda ya ɗauki takardar zai gani ba sai ya yi bincike ba.

Masu cin bashin banki su ne suka fi buƙatar wannan lissafin, don a wurinsu ne kuɗin ke da kauri. Nemo takardar tayin bashin da ka sa wa hannu, ka ajiye ta gefen sitatimen. Duk cajin da ba ya cikinta, tambaya ta hau kansa. Kuɗin gudanar da bashi iyakarsa kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka ba ka, sau ɗaya. Bashin miliyan ɗaya, naira 10,000 ke nan, ba a maimaita shi kowane wata uku. Tarar jinkiri kashi ɗaya cikin ɗari ce a wata, a kan abin da lokacin biyansa ya yi ba ka biya ba. In naira 100,000 ce ta makale, tarar 1,000 ce a wata. Sannan banki ba ya ƙara kuɗin ruwa ka wayi gari ka gani kawai, sai ya sanar da kai aƙalla kwana goma na aiki kafin ƙarin ya fara. In bashin babba ne kuma ya ɗauki shekaru, biyan akanta ya tantance maka ba asara ba ce.

Rubuta ƙorafin

Shafi ɗaya ya isa. Da Turanci bankuna ke aiki, don haka in ba ka rubuta shi, ka sa wanda ka yarda da shi ya rubuta, ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. A aika wa manajan reshe, a kuma tura kwafi ga sashen karɓar ƙorafi na bankin ta imel ɗin da ke shafinsu na intanet ko bayan katinka. Abin da wasiƙar za ta ƙunsa, in an faɗe shi da Hausa, kusan haka ne:

"Ni ne wane, mai asusun ajiya mai lamba kaza a reshenku na wuri kaza. Daga wata kaza zuwa wata kaza an cire mini kuɗin kula da asusu sau kaza, jimla naira kaza, kamar yadda na nuna a takardar da na haɗa. Jadawalin caji na CBN bai ɗora wannan caji a kan asusun ajiya ba. Ina neman a mayar mini da kuɗin, a daina cira daga yau, a kuma ba ni lambar wannan ƙorafi da amsa a rubuce."

Ban da zagi, ban da barazana, ban da labarin wahalar da ka sha a layi. Duk abin da ka ƙara wanda ba rana ba ne, ba adadi ba ne, ba ƙa'ida ba ce, ƙofa ce ka buɗe a amsa maka shi a bar ainihin maganar. Kada kuma ka rubuta lambar sirrin katinka ko ta manhaja a ciki, ba wanda yake buƙatarsu.

Buga kwafi biyu. Ɗaya na banki, ɗaya naka, kuma a naka za a buga hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu. A teburin kostoma galibi haka takan kasance:

"Hajiya, ina kwana. Ƙorafi na kawo a rubuce, ina so a karɓa a buga mini hatimi a kwafina."

"Alhaji, ai wannan sistem ne ke cirewa da kansa, kowa ma ana cire masa."

"Na ji, Hajiya. A dai taimaka a shigar mini da shi, a ba ni lambar ƙorafin."

A nan za ka tsaya, cikin mutunci, ba ɗaga murya. Ma'aikaciyar da ke teburin ba ita ta cire kuɗin ba, kuma ba ta da ikon mayarwa. Abin da ke hannunta shi ne shigar da ƙorafin, shi kuma kake nema. Ba alfarma ba ce. CBN ya wajabta wa bankuna su shigar da kowane ƙorafi cikin rumbun da yake sa ido a kai, su ba kostoma lambar shaida, kuma ya sanya tarar naira miliyan ɗaya a kan bankin da ya ƙi. Saɓa wa jadawalin caji kansa tararsa naira miliyan biyu ce a kowane laifi. Su sun san da waɗannan lambobin. Da zarar ƙorafi ya sami lamba, ya zama abin da ake ƙirga wa kwanaki, kuma akwai wanda za a tambaya in bai rufu ba. In an ce lambar za ta zo ta saƙon waya, to, amma kada ka tashi ba hatimi a kwafinka. In ta waya ka kira, rubuta rana da lokaci da lambar da aka ba ka, sannan ka bi bayansa da imel.

Jira, da irin amsar da za ta zo

Yawancin ƙorafe-ƙorafe mako biyu CBN ya ba banki ya warware. Na cajin da ya wuce ƙa'ida da na bashi yakan kai kwana 30, saboda sai an yi bincike. Rubuta ranar cikar wa'adin a bayan kwafinka. Kuɗin da ya makale kuwa, wato an cire maka amma na'ura ba ta ba ka ba, wa'adinsa gajere ne tun Yunin 2020: a na'urar bankinka nan take ya kamata ya dawo, in bai dawo ba kada ya wuce awa 24, a na'urar wani banki awa 48, na POS da sayayya ta intanet awa 72.

Wani lokaci sai dai ka ga alat ya shigo an mayar da kuɗin, ba ko bayani. Kada murna ta hana ka lissafi. Gwada abin da ya shigo da abin da ka nema, sau da yawa na 'yan watannin ƙarshe ake mayarwa a bar na baya, ko a mayar da cajin a manta da VAT ɗin da aka ɗora masa. Duba kuma sitatimen na wata mai zuwa ka tabbata an daina cira. In aka kira ka aka ce za a ba ka wani abu ka janye ƙorafin, ka ce a rubuto, kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa an gama da kai sai kuɗin ya cika.

In amsar ta ce ai ka amince da sharuɗɗan banki ranar da ka buɗe asusu, ka sani cewa fom ɗin buɗe asusu bai fi ƙarfin ƙololuwar da CBN ya ƙayyade ba. Ka nemi su nuna maka, a rubuce, sashen jadawalin da ya ba su damar wannan cajin. In sun nuna kuma ka ga suna da gaskiya, ka cire shi daga lissafinka ka ci gaba da sauran.

Ƙa'idojin CBN sun tanadi cewa in an tabbatar banki ya wuce iyaka, ba uwar kuɗin kaɗai zai mayar ba, har da ruwa a kai. Da yawa daga cikinmu ba sa cin wannan ƙari. Mutum na iya cewa uwar kuɗinsa kawai yake so, ko ya tambayi malaminsa yadda zai yi da abin da ya hau kai. Kada dai wannan ya sa ya bar nasa na halal a hannun banki.

Kai ƙara CBN

In wa'adi ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ko an yi kwana uku an ƙi ba ka lambar ƙorafi, ƙofar CBN ta buɗe. Tun 2012 yake da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Ana rubuta wa daraktan sashen a hedikwatar CBN da ke Abuja, a tura ta imel ɗin cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takardar reshen CBN na jiha. Mutumin Kano, Katsina, Sakkwato, Gusau ko Bauchi ba sai ya je Abuja ba. A can ma ka karɓi shaidar an karɓa.

A wasiƙar ka sa sunanka da adireshi da lambar waya da imel, sunan bankin da reshe, lambar asusu, ranakun da aka cire kuɗin, da adadin da kake nema. Ka haɗa takardar lissafinka, shafukan sitatimen da ka yi wa alama, amsar banki in akwai, da abin da ya fi komai nauyi: kwafin ƙorafinka mai hatimi da lambarsa. Wanda ya tsallake bankinsa ya tafi CBN kai tsaye, mayar da shi za a yi ya fara daga can. Daga nan CBN zai nemi banki ya yi bayani, in lamarin ya cakuɗe a kira ɓangarorin biyu a zauna, sannan ya ba da umarni. Abin yakan ɗauki lokaci, sai an haɗa da haƙuri da tuntuɓa. Duk sanda za ka tuna musu, ka amsa a kan imel ɗin farko, kada ka buɗe sabo, don tarihin ya zauna wuri ɗaya.

Akwai kuma Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofis a kowace jiha, ga kuma kotu. Shawarata a bar kotu a ƙarshe. Da zarar magana ta shiga gaban alƙali CBN ba ya sa baki a ciki, kuma kuɗin lauya zai iya ninka abin da ake nema, sai dai in bashi ne mai yawa da aka tantance rararsa.

Hattara da masu kiran waya

Wannan ya fi duk abin da ya gabata haɗari. Mutum ya fusata ya rubuta ƙorafinsa a ƙarƙashin shafin banki a Facebook ko X, har da lambar wayarsa. Kafin minti goma wani mai hoton tambarin bankin ya yi masa magana, ko ya kira shi da murya mai daɗi: "Ranka ya daɗe, mun ga ƙorafinka, za mu mayar maka yanzu, karanto mana lambobin da ke jikin katinka, sannan ka faɗi lambar da za ta shigo wayarka." Garin neman naira dubu biyu sai a kwashe asusun kaf. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar komai daga gare ka ban da lambar asusu, wadda bankin ya riga ya sani. Duk wanda ya nemi lambar kati, ko lambar sirri, ko lambar da ta shigo waya, ko ya ce ka biya wani abu kafin a saki kuɗinka, ɓarawo ne, ko da ya ce daga CBN yake. Kashe wayar. In har ka riga ka faɗa masa wani abu, toshe katin da asusun a take da lambar toshewa ta bankinka, sannan ka nufi reshe. Kowane banki yana da irin wannan lamba, kuma ana iya danna ta ko a wayar wani; ka nemo ta ka ajiye tun kafin buƙatarta ta taso.

In ka gama da naka, duba na tsofaffin gida. 'Yan fansho da iyayenmu mata da aka buɗe wa asusu don karɓar tallafi ko aiken 'ya'ya su ne aka fi daɗewa ana cire wa, don ba sa karanta alat, wasu ma wayar da ke karɓar alat ɗin tana hannun wani. Wani tsohon asusun karent aka buɗe masa tun yana aiki, alhali yanzu na ajiya ya fi dacewa da shi. Sai dai banki ba zai tattauna asusun wani da kai ba, ko da mahaifinka ne. Ku tafi tare, da katin shaidarsa da wayar da aka yi wa asusun rajista da ita. In ba zai iya fita ba, a rubuta takardar wakilci ya sa hannu ko ya dangwala, irin wanda ya yi ranar buɗe asusun, sannan ka tambayi reshen abin da suke so a haɗa da ita kafin ka ɗauki hanya.